Waƙa Ta Tara

Waƙoƙin Angurya guda tara ne, kuma in ka ba ni dama zan jera maka su daga ta ɗaya har ta tara, in gaya maka dalilin da ya sa kowace take inda take. Matata Sakinatu ta ce wannan ciwo ne, ba son waƙa ba. Ta ce mai lafiya in waƙa ta yi masa daɗi sai ya gyaɗa kai ya wuce, ni kuwa sai na zaunar da ita na yi mata shari'a. Ban musa mata ba. Sunana Maiwada, iri da maganin feshi nake sayarwa a kasuwar Malumfashi, kuma ko gwangwani ban iya kaɗawa ba. Muryata kuwa in na ɗaga ta, kajin gidanmu watsewa suke yi. Saurare kaɗai Allah ya ba ni, shi kam ya ba ni da yawa.

Angurya ƙungiyar kiɗa ce ta samari uku 'yan Funtua. In ba ka taɓa jin sunanta ba, ba laifinka ba ne, don ko a Funtuwar masu jin ta ba za su cika motar haya uku ba. Awaisu shi ne mai waƙa kuma mai kaɗa jita ta lantarki, da rana kuwa injin ban-ruwa yake gyarawa. Aƙilu, direban Keke Napep, shi ke kan ganguna. Na ukunsu Jibril yana riƙe da jita mai kaurin murya. Sunan sun samo shi ne daga tsohon siton auduga da suke gwaji a ciki, can bayan layin dogo, inda anguryar shekara da shekaru ta maƙale a tsagar siminti. Ba su da ubangida. Ba sa zuwa biki, ba sa yi wa ɗan siyasa waƙa, ba sa ambaton sunan kowane Alhaji. Mutanen unguwa suna kiran abin da suke yi hayaniya, tsofaffi kuma su ce yaran nan iska ce ta taɓa su.

Na gamu da su ne ta hanyar wani mai tura waƙoƙi a waya a bakin tashar Funtua. Na je sayo kaya, na miƙa masa memori na ce ya cika mini, ya zuba nasu a ƙarshe don kada wuri ya rage. A cikin mota na ji su, muna gab da Bakori, buhun masarar wani yana danne mini ƙafa. Ban san lokacin da muka iso Malumfashi ba. Mako bai zagayo ba na koma na nemi siton, na same su da la'asar, janareta na kuka a waje suna yi a ciki. Tun daga ranar na zama kamar ɗan gida. In sun gama sai mu zauna a kan tsofaffin tayoyi in fara yi musu hukunci.

Ta ɗaya a wurina ita ce "Jirgi Bai Zo Ba," kuma ban taɓa yarda a yi gardama da ni a kanta ba. Jitar Jibril ce ke fara gurnani ita kaɗai, kamar wani abu mai nauyi yana tahowa daga nesa. Ganguna su shigo a hankali, su riƙa ƙara sauri, kana jiran su ɓalle da gudu, sai su ƙi. Har waƙar ta ƙare ba sa ɓallewa. A kan wannan Awaisu ke ba da labarin mutanen da suka yi wanka suka sa tufafin Juma'a suka zauna a tasha. Duk wanda ya taɓa jiran wani abu a ƙasar nan, in ya ji ta sai jikinsa ya yi sanyi.

Aƙilu ya ce ƙarya nake yi, "Ruwan Ƙarshe" ce ta ɗaya, don a nan ne aka bar shi ya daki ganga son ransa. Na ba ta ta biyu, kuma ban yi mata rowa ba: waƙar manomi ce da ke kallon sama dawarsa ta fara bunni, yana roƙon ruwa ɗaya tak. "Danja da Rake" da "Inuwar Darbejiya" kullum cikin kokawa suke a kan ta uku. Da damina nakan ɗora wannan, da rani in ɗora waccan. Sauran ma kowace da gurbinta, kuma ba na sauya gurbi sai da hujja.

Ta tara ce kawai ba ta taɓa motsawa ba. Sunanta "Rage Gishiri." Ba ganga, ba jitar Jibril, ba a sito ma aka ɗauke ta ba. Awaisu ne shi kaɗai da wata jita ta katako, da waya ya naɗa, sautin kamar daga cikin randa. Zakara na cara a baya. Wai tsokana ce ga mai girkin da hannunta ya yi nauyi a miya. Abin da ya fi ba ni haushi, ana tsakiyar baiti sai ya fashe da dariya, waƙar ta karye, ya kasa ci gaba sai da ya sake kamo ta. Sau biyu ko uku na saurare ta a farkon zuwana, daga nan da ta fara sai in danna ta gaba.

Na taɓa ce masa, "Malam Awaisu, don Allah ka cire wannan. Tana ɓata wa 'yan'uwanta suna."

Ya yi murmushi yana ɗaure tsirkiyar jitarsa. "Maiwada, takwas ba su ishe ka ba? Wannan ba taka ba ce."

Na ce to ai shi ya sa take ta tara. Aka yi dariya, aka wuce.

Da daminar bara, lokacin da ake sa taki na biyu, Awaisu ya kwanta ciwo. Kafin labarin ciwon ya iso mini sosai, na rasuwar ya riga shi. Na rufe shago na tafi Funtua, na sami jana'iza. Ba zan tsaya ba da labarin wannan ba, don har yanzu ba na iyawa.

Bayan an yi sadakar bakwai Aƙilu ya kira ni a waya. Ya ce a wurin zaman makoki wani ya ce wa mahaifiyar Awaisu, muddin ana kunna waƙoƙin ɗanta, ana rubuta masa zunubi yana kabari. Tun daga ranar ta daina barci. Ta sa shi da Jibril suka goge nasu, suka je wurin mai situdiyon da ya naɗa musu ya share kwamfutarsa, suka sauke 'yan guntayen da suka taɓa ɗorawa a intanet. Yanzu kullum da safe sai ta yafa mayafi ta shiga kekensa, yana yawo da ita rumfa-rumfa wurin masu tura waƙoƙi, gida-gida wurin waɗanda aka san suna ji.

Na ce, "Kuma mutane suna yarda?"

Ya ce, "Wa zai kalli idonta ya ƙi? Kai kaɗai ka rage da ke da su duka tara. Ta ce in kawo ta."

Na kashe wayar na zauna a kan buhun iri, na rasa abin da ke mini daɗi. Na ji haushin mutumin da ya yi waccan magana, wanda na tabbata ko baiti ɗaya bai taɓa ji ba. A waƙoƙin nan ba batsa, ba zagi, ba kiran sunan 'yar kowa. Amma da na tuna Awaisu kwance a ƙarƙashin ƙasa, sai tsoro ya kama ni: in fa gaskiya ne? In fa duk safiyar da na kunna "Jirgi Bai Zo Ba" ina share shago, nauyi nake ƙara masa? Na je na sami limamin masallacin kasuwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce malamai sun saɓa a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma shi ba zai ce ga abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba. Ya ƙara da cewa amma roƙon uwa ba abin wasa ba ne. Na fito kamar yadda na shiga.

Abin da na iya yi shi ne na sayi wani memori, na kwafe waƙoƙin tara a ciki, na naɗe shi a leda, na jefa cikin wani gwangwanin irin tumatir da ba kome a ciki, na ɗora a can saman kanta. Na ce wa zuciyata ba kunnawa zan yi ba, ajiyewa kawai zan yi. Abin da ba a kunna ba ai ba a ji shi ba.

Da hantsi suka zo, Aƙilu da mahaifiyar Awaisu. Ita 'yar ƙaramar mata ce siririya, sunanta Tsohuwa tun tana yarinya, yanzu kuma sunan ya same ta. Na shimfiɗa mata darduma a kan benci, na durƙusa na gaishe ta, na sake yi mata ta'aziyya. Aƙilu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Ta ce, "Kai ne Maiwada. Yaron nan yana yawan ambatonka. Ya ce ka fi shi sanin waƙarsa."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Inna."

Ta ce, "Amin. Ɗan nan, ni ban san waƙa ba, ban san waya ba. An ce mini ana rubuta masa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, Allah ya fi mu sani. Amma ka ga, da yana nan in ya ji yunwa nakan tuƙa masa tuwo, in ya yi zazzaɓi in dafa masa ganye. Yanzu ba abin da zan iya kai masa. Addu'a ce, sai wannan. Shi ya sa nake yawo."

Na kwana ina shirya hujjoji, tiryan-tiryan kamar yadda nake jera waƙoƙin. Ko ɗaya ba ta fito ba. Abin da na iya cewa shi ne, ta yi mini izini in ji su sau ɗaya, a kunnena ni kaɗai, kafin in goge. Ta ce sau ɗaya dai Allah mai gafara ne.

Na sa iyafis a kunne na buɗe wayar. Hannuna da kansa ya san ta inda zai fara, daga ƙasa. "Rage Gishiri" ko kunna ta ban yi ba, na danne ta na goge, har na ji wani ɗan sauƙi cewa na fara da wadda ba ta yi mini ciwo ba. Ta takwas na ji rabinta. Ta bakwai na ji ta duka, na tarar da wani juyi na jita a ƙarshenta da ban taɓa lura da shi ba, na ce ashe na zalunce ki, ke ta biyar ce. Na goge ta. Wani manomi ya shigo neman maganin ciyawa, Aƙilu ya ɗauko masa ya sallame shi. A kan "Danja da Rake" da "Inuwar Darbejiya" na daɗe, don dole yau in yanke wadda za ta riga tafiya, kuma na san ba sauran ɗaukaka ƙara. Da na zo kan "Ruwan Ƙarshe" na miƙa wa Aƙilu kunne ɗaya. Ya girgiza kai ya fita waje.

Ta ɗayan na ji ta tun daga gurnanin farko har muryar Awaisu ta ɗauke. Ina jiran gangunan su ɓalle, duk da na san ba za su yi ba. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna.

Tsohuwa ta ce, "Shi ke nan? Babu a wani wuri?"

Na ce, "A wayar babu, Inna."

Ta dube ni. Ta haifi 'ya'ya ta rene su, ta san yadda ƙarya ke zama a fuskar namiji. Ba ta ce na yi ƙarya ba, ba ta ce in rantse ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Sai kawai ta dafa benci ta sauko, ta durƙusa a kan simintin shagona, cikin ƙurar taki, gwiwa biyu a ƙasa, ta haɗa hannuwanta.

Ta ce, "Don Allah, ɗan nan."

Sa'ar mahaifiyata ce. Mutane suna wucewa ta bakin shago suna leƙowa. Na ce, "Inna ki tashi, don girman Allah ki tashi," ta ƙi. Ban san lokacin da na taka kujera na sauko da gwangwanin ba. Na warware ledar na sa mata memorin a tafin hannu. Ta kira Aƙilu ya ɗauko filaya a kekensa ya karya shi biyu, ta ƙulle gutsattsarin a gefen mayafinta. Ta sa mini albarka mai tsawo, ta ce yau za ta yi barci. Na raka su har bakin titi.

Damina ta wuce, aka yanke dawa, motoci suka fara wucewa da auduga zuwa Funtua. Shagona ya yi shiru. Da safe ina shara nakan bi waƙoƙin a kaina, ɗaya bayan ɗaya, takwas ɗin nan na san su har inda Awaisu ke jan numfashi. Ban san ko wannan ma ana rubutawa ba, kuma ban tambayi kowa ba.

Wata rana na koma gida cin abincin rana, sai na tarar da baƙuwa a tsakar gida, zaune a tabarma kusa da Sakinatu, da hijabi ruwan toka. An ajiye mata ruwa da fura ba ta taɓa ba. Sakinatu ta ce, "Fiddausi ce, matar marigayi Awaisu. Daga Funtua take, wurinka ta zo."

Ban taɓa ganin ta ba. Na zauna daga nesa muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi. Ta ce shekaranjiya ta fita takaba, kuma nan ne wuri na farko da ta fara zuwa.

Ta ce, "Malam Maiwada, duk abin da aka yi ina cikin ɗaki aka yi shi. Ba na fita, ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban iya buɗe baki in ce wa Inna a'a ba, ga halin da take ciki. Na ji suna lissafin waɗanda aka je wurinsu. Da na ji an ce saura kai, sai hankalina ya kwanta."

Na ce, "Ya kwanta?"

Ta ce, "Marigayi ya sha gaya mini kai mutum ne mai taurin kai. Ya ce ko duniya za ta taru a kanka ba ka sauya magana a kan waƙa. Na ce to wannan ba zai ba da duka ba, zai ɓoye. Da wannan na yi ta haƙuri har na gama."

Na ce, "Ke ba ki da su a wayarki?"

Ta ɗan yi murmushi. "Me zan yi da waƙa a waya, mai waƙar yana ɗakina?"

Sakinatu ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na gaya wa Fiddausi gaskiya: na ɓoye, aka durƙusa mini, na fito da shi. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ba duka nake nema ba. Ba kuma yawo zan yi da ita ba, ko Inna ba za ta sani ba. Guda ɗaya ce, ta gishirin nan."

Ta ce, "Muna sabon aure ya yi ta, a bakin ƙofar ɗakina, ina kicin ina jin sa. Da ya kai inda yake cewa miyata ta fi ƙarfin cokali, sai na fito da muciya na tsaya a kansa. Shi ne ya yi dariyar nan. Kai da ka haddace su, ko rera mini ka yi, in ji yadda take tafiya."

Na ce, "Ban iya waƙa ba."

Ta ce, "Ba kome. Ko yaya ne."

Na buɗe baki. Layin farko ya zo, da muryar nan tawa mai korar kaji: uwargida rage gishiri, baƙo na tafe. Daga nan na tsaya. Na nemi na biyu, babu. Na sake komawa farko ko zai jawo shi, na sake tsayawa a wuri ɗaya, daidai inda yatsana ya saba danna ta gaba. Da ta ce "Jirgi Bai Zo Ba" ce, da na ba ta har da kukan janareta. Da ta ce ta bakwai, da na gaya mata juyin jitar da ke ƙarshe.

Fiddausi ta ƙarasa baitin a hankali, ba da rerawa ba, da magana kawai. Sannan ta ce, "Kalmomin ina da su. Dariyar ce ta fara ɓace mini. Ina ganin bakinsa yana yi, amma ba na jin ta."

Na ce zan nema. Na ce akwai masu tura waƙoƙi a Danja, akwai a Bakori, har Matazu zan je, ba mamaki wani direba yana da ita a tsohuwar waya. Ta ce Allah ya sa, da irin muryar da ake amsa wa mai ba da haƙuri. Ta tashi ta gyara hijabinta, Sakinatu ta ƙulla mata kuka da daddawa a leda. A bakin zaure ta juyo.

Ta ce, "Ya ce kai kake jera su. Tawa ta nawa ce?"

Na so in yi mata ƙarya, amma na ga ta riga ta sani. Na ce, "Ta tara."

Ta gyaɗa kai. "Haka ya ce. Ya ce ka bar ta a nan, ba wanda zai dame ta."

Na je Danja, na je Bakori, na je Matazu. A Danja na sami rabin "Ruwan Ƙarshe" a wayar wani mai rake, ban karɓa ba, don ba ita aka aike ni nema ba. Duk rumfar da na shiga nakan ce ina neman wata waƙa mara ganga, sautinta ba kyau, zakara na cara a baya, mai yin ta yana dariya a tsakiya. Su ce in ɗan rera musu ko za su gane ta. Sai in rera layin farko, in tsaya.